Abin da Na Faɗa Maka a Ƙofar Masallaci

Zuwa ga ɗana Auwalu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da ta zuciya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wasiƙa ga wanda katanga ɗaya ta raba ɗakinsu. Amma yau kwana tara ke nan muna cin tuwon tukunya ɗaya, in na shigo ka fita, in ka shigo na tsiri gyaran igiyar akuya. Shi ya sa na zo nan gonar tumatir, na zauna a bakin hanyar ruwa da takarda a cinya.

Ka ga na rubuta sunanka a sama. Shekararka goma sha bakwai ban taɓa kiran sa da bakina ba, don kai ɗan fari ne, kuma a garin nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari. "Kai" nake cewa, ko "wannan yaron". To alƙalami ba shi da kunya.

Jibi da safe za ka hau motar Ikko, ka tafi makarantar horon 'yan tanis da abokina Bala ya samar maka gurbi. Za ka tafi ne ɗauke da maganar da na faɗa maka a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban Liman da dattawan unguwa. Na ce in ka sa ƙafa a motar nan ban sa maka albarka ba, kuma kada ka ƙara taka zaurena. Kai kuwa ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Da rashin kunya ka yi mini da na fi samun sauƙi. Wannan "to" ɗin ce ta hana ni sukuni. A kan maganar nan nake rubuto maka, amma ka yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, don akwai abubuwan da ban taɓa gaya maka ba.

Mutanen garin nan sun ba ka labarina yadda suka ga dama. Shu'aibu Mai Matankaɗi, wanda ya yar da fartanya ya bi wasan Turawa, ya dawo yana ɗingishi. Rabinsu ko Ungogo ba su taɓa wucewa ba, amma in ka zauna da su sai su faɗa maka yadda aka yi na sha kaye a Abijan kamar su suka riƙe mini jaka. Yau ka ji daga bakin mai shi.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu muke kai kara birni da jakuna, mu dawo da taki. A nan na faɗa wani kulob da Turawa da Kwarori da manyan ma'aikata ke wasa. Filinsu na jar ƙasa ne, kullum da safe sai an yayyafa masa ruwa an ja wani ƙaton ƙarfe a kai don ya kwanta. Tsohon da ke kula da filin ya ga na iya ba ƙasa ruwa ba tare da ta caɓe ba, abin da na koya a fangalin albasa a Watari, sai ya riƙe ni da rani. A can na haɗu da Bala, shi ma yana aiki a wurin. Da tsakar rana, lokacin da masu fili ba sa iya fitowa, mu muke shiga da katako muna buga tsofaffin ƙwallaye, ƙafa ba takalmi. Wata rana wani tsohon Kwara ya tsaya ya kalle ni, washegari ya miƙo mini raket mai tsage a wuya. Shekara uku bayan nan ba wanda ke iya tsayawa gabana a kulob ɗin.

Kuskurena na farko a gona na yi shi. Ruwan shuka ya sauka, Baba, wato kakanka, yana gaba da sungumi yana sara, yayyena suna biye suna jefa iri. Ni kuma na fito da jaka a kafaɗa, raket na leƙowa, saboda a makon ne za a yi gasa a Kaduna.

Ya ce, "Ina za ka da matankaɗin nan ana shuka?"

Na ce, "Kaduna, Baba. Gasa ce."

Ya ce, "To wa zai ci abin da ka tankaɗo?"

Yayyena suka fashe da dariya, har maƙwabcin gona ya taya su. Nan kaina ya ɗauki zafi. Na ce, "Baba, gonar nan taka in na tsaya a wannan iyakar na buga ƙwallo, a gonar wani za ta sauka. Mu shida a kanta za mu ƙare?"

Dariyar ta tsaya. Ya kafa sungumin a ƙasa, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Je ka, ban hana ka ba. Amma ban sa albarka a cikinsa ba." Ya ci gaba da saransa.

Auwalu, abin da na faɗa gaskiya ne, gonar ƙarama ce. Amma ba don gaskiya na faɗe shi ba, don a daina yi mini dariya na faɗa. A can inda za ka za a yi maka dariya, a kan Turancinka, a kan takalminka, a kan yadda kake cin abinci da hannu. Ka bar su. In kuwa dole sai ka rama, ka duba da kyau kada ka rama a kan wanda ya fi kowa son ka a wurin. Mai zafin kai na kusa da shi yake fara ƙonawa.

Daga nan na shiga duniya. Kaduna, Ikko, Kwatano, Lome, Akara, Abijan, har Dakar. Ba zan yi maka ƙarya ba, da daɗi. Ka sauka a garin da ba ka san kowa ba, ba ka jin yarensu, amma da ka shiga fili layukan nan su ne dai, ragar ita ce dai, sai ka ji kamar ka shiga ɗakin uwarka. In na dawo gida kuwa nakan durƙusa in gai da Baba, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi ko ana ruwa a can. Bai taɓa tambayar wasa ba. Ni ma ban taɓa tayar da maganar gona ba. Na ƙudura a raina sai na ci babban kofi, in kawo in dire a gabansa, sannan in ce ya yafe mini ya sa albarka. So nake in nemi gafara amma ina tsaye. Kada ka yi wannan. Neman gafara ba ya buƙatar tsaraba, hannu biyu ake zuwa da shi.

Ka sha ganina da littafi a gona, har ana ce mini malamin tumatir. Bari ka ji inda na samo karatun. Ban yi boko ba, allo kawai na yi. A wurin gasa kuwa kullum takarda ake mannawa a allo, a rubuta wa zai buga da wa, a wane fili, da ƙarfe nawa. Bala ne ke karanta mini. Wata tafiya zuwa Abijan bai samu zuwa ba, na tafi ni kaɗai, kwana uku a mota. Na ci wasana na farko da yamma. Da aka manna takardar washegari na je na tsaya a gabanta, hannu a aljihu, ina gyaɗa kai kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Ga mutane nan birjik, har da wani ɗan Zariya da muka gaisa, amma girman kai ya hana ni in ce, ɗan'uwa me aka rubuta? Na yanke wa kaina cewa tunda jiya da yamma ne, yau ma da yamma ne. Na iso da la'asar na tarar tun da hantsi aka kira sunana sau uku, aka ba abokin karawata wasan. Shi ke nan kayen Abijan da ake ba ka labari. Ba wanda ya doke ni, allon sanarwa ne ya cinye ni.

A motar dawowa na fara. Na sayi jarida ban san ko a juye na riƙe ta ba. Bala ya nuna mini baƙaƙe, sauran na tsinta a jikin motoci da allunan shaguna da takardar da aka ƙunsa mini tsire. Da na gane ana rubuta Hausa da baƙaƙen nan, sai na zama kamar akuya a rumbu, duk tashar da na sauka sai na sayi littafi. Kai ka yi sakandare, ka fi ni. Amma kowane gari da irin jahilcin da yake jiran baƙo. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Duk takardar da aka ce ka sa hannu, ka karanta ta sau biyu, ka kira Bala ka karanta masa a waya, ko da mai takardar yana duba agogo yana tsaki. Tsakinsa ba ya kisa.

Sai maganar bakina. Ka san shi, a cikinsa ka tashi. A shekarar da jikina ya fi kowane lokaci ƙarfi, na kai wasan kusa da na ƙarshe a wata babbar gasa a nan ƙasar. Na buga ƙwallo ta sauka a kan layi, ta bar shaida a jar ƙasa, kowa ya gani. Alƙalin wasa ya ce waje. Na ce ya sauko daga kujerarsa ya duba, ya ƙi. Na ce masa in idonsa yana aljihun wani ne ya faɗa mana mu tara masa a sayo sabo. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta wa ɗana ba. Sannan na maka raket a ƙarfen raga ya rabe biyu. Aka dakatar da ni shekara guda cur.

Har gobe ina nan a kan bakana, ƙwallon nan ta taɓa layi. To sai me? Maki ɗaya na yi wa faɗa, na biya da shekara, kuma shekarar da ba a sake ba ni irinta ba. Za a zalunce ka a fili, wannan ba ko shakka. Ka yi abin da Bala ke yi, wanda a da nake ce masa tsoro: ka juya wa alƙali baya, ka gyara igiyoyin raket ɗinka ɗaya bayan ɗaya ko da ba su karkace ba, ka yi salati, sannan ka juyo. Bala bai kai ni bugu ba ko kusa, shi ma ya sani. Amma yau shi ne koci a birni ana gaishe shi, ni kuma ina nan ina faɗa da tsutsar tumatir.

Alheri ɗaya da shekarar nan ta kawo mini shi ne mahaifiyarka. Zaman gida ya sa na ga Rabi, aka yi aure. Wata bakwai muka yi tare, wa'adina ya cika, na ɗauki jaka. Da aka haife ka ina Lome. Baba ne ya yi maka huɗuba, shi ya raɗa maka suna, shi ya yanka rago. Ban iso ba sai da ta gama wankan jego. Na yi sallama a tsakar gida, ta fito da kai a kafaɗa, ta dube ni ta ce, "Maraba da baƙo. Wa za a ce ya zo?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Rabin wasa ne. Shekara uku bayan nan na dawo daga wata tafiya, ka gan ni ka ruga ka ɓuya a bayan zaninta, ka ce, "Umma, mutumin nan ya dawo." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ban cire takalmi ba har aka kira magariba.

Ita ta yi jinyarka da ƙyanda ta kama ka. Ita ta zauna da Inna, kakarka, lokacin da ƙafa ta hana ta tashi. Ni ina can ana tafa mini, ina cewa ai don su nake yi. Ƙarya ne, don kaina nake yi, su dai suna samun ragowa. Ranar da Allah Ya nufe ka da iyali, kada ka ce wa matarka don ita kake yawo. Ka faɗa mata gaskiya cewa kana son abin, ka roƙe ta ta yi haƙuri da kai, kuma ka san haƙurin nan aro ne ba gado ba. Yanzu ma da ba ka da kowa sai ita, ka riƙa kiran ta duk Juma'a. Ba za ta ce ta yi kewarka ba, ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Za ta tambaye ka ko ka ci abinci, sau uku a kira ɗaya. Ka gane abin da take nufi.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake mini nauyi. Kana ɗan shekara huɗu na kai wasan ƙarshe a Akara, babban kofin da na daɗe ina jira. Ana gobe wasa da rana Yaya Sale ya kira ni. Ya ce, "Jikin Baba ya ɗan motsa. In da hali ka taho."

Auwalu, a garin nan aka yanke mini cibiya. Na san mu mutum yana bakin kabari muke cewa da sauƙi. Na san ba a kiran wanda ke wata ƙasa a ce ya taho saboda zazzaɓi. Na san abin da "in da hali" ke nufi a bakin Yaya Sale kamar yadda na san sunana. Amma na ce wa kaina ai "ɗan motsa" ya ce. Na riƙe kalmar nan da hannu biyu, na kwana, na shiga fili. Kuma na ci. Ban taɓa wasa irin na ranar ba, duk inda na nufa nan ƙwallo ke zuwa. Na naɗe kofin a cikin tawul na kamo hanya, ina ta shirya abin da zan faɗa in na dire shi a gabansa.

Na sauka a bakin titi na hango tabarmi a ƙofar gida. Ranar sadakar uku ce.

Kofin shi ne wanda mahaifiyarka ke ajiye irin albasa a ciki. Ban taɓa hana ta ba, gara ya yi wani amfani.

Bayan an watse Inna ta ce in raka ta gona. Ta kai ni gayaunata, ɗan yankin da Baba ya yankar mini daga gandu tun ina yaro don in noma na kaina. Ka san ƙasarmu, ko gefen hanya ba a bari, sai an soka rama ko kuɓewa. Shekara goma ba na nan, yayyena sun nemi ya ba su wurin ya fi a ƙirga. Ya hana. Shi yake kai mata taki da kansa, ya shuka gyaɗa, ya nome ta da yamma bayan an tashi daga gandu. In an yi magana ya ce, "Ta Shu'aibu ce."

Na ce, "Inna, ya janye maganar? Ya sa mini albarka kafin ya cika?"

Ta dubi gayaunar. Ta ce, "Ya jira ka tambaya, kai ka jira ya fara. Kanku ɗaya, kamar an fasa dutse biyu. Ban ji da kunnena ba, kuma ba zan yi masa ƙarya yana kwance ba."

Shekara goma sha uku ke nan ina juya wannan amsar. Wata rana in ce gayaunar nan ai albarka ce, me ya fi ta? Wata rana in ce da ya so ya faɗa da ya faɗa. Ba ni da wanda zan tambaya. Don haka ka ji: in aka kira ka daga gida aka ce da sauƙi, ka sake tambaya. In aka ce ka taho, ka ajiye raket ko da maki ɗaya ya rage. Ana yin gasa kowace shekara.

Bayan nan ban ƙara wasan kirki ba. Gwiwar dama ta fara kumbura, na yi ta ɗaure ta ina shiga fili har ta ƙi gaba ɗaya. Ina da shekara talatin na dawo gida dungurungum, na jefa raket a saman rumbu, na kama noman rani. Na tarar da kai yaro mai wayo, kana kallona kamar malamin makarantar da aka canjo. Ban san me ake ce wa ɗa ba. Sai na samu mafaka: ai ɗan fari ne, ba a sakar masa fuska. Ƙannenka na ɗauke su, na yi musu wasa, kai kuwa sai aike. Mutane suna yabona wai na riƙe al'ada. Ba al'ada na riƙe ba, ɓuya na yi a bayanta. Kunyar da iyayenmu suka yi akwai ƙauna a ƙarƙashinta, yaro yana jin ɗuminta ko ba a faɗa ba. Tawa tsoro ne a ƙarƙashi.

Ranar da ka hau rumbu ka sauko da raket ɗin, kana ɗan shekara goma sha ɗaya, na fizge shi na daka maka tsawar da har kaji suka watse. Daga baya ka fara zuwa birni duk Asabar wai ƙarin karatu, ashe wurin Bala kake zuwa, da sanin mahaifiyarka. Kun ɗauka ban sani ba. Bara na bi ka. Na hau adaidaita sahu daga Ungogo, na sauka nesa, na zagaya bayan katangar kulob ɗin inda na san akwai tsaga tun zamaninmu. Kafin in gan ka na ji ka. Ƙarar ƙwallo in ta haɗu da tsakiyar raket daban take, wanda ya sani ya sani, kuma shekara tara rabona da ita. Na dafa katanga. Da na leƙa na ga bugunka na bayan hannu, na ga yadda kake zamewa a jar ƙasa ka tsaya daidai inda ƙwallo take. Ba wanda ya koya maka wannan, Bala bai iya ba. Nawa ne. Na tsaya a wurin har kuka tashi, na riga ka dawowa gida, na tarar da akuya ta shiga rumfa, na yi ta zage-zage har maƙwabta suka leƙo. Ka tuna ranar? To ba akuyar ba ce.

Na sha gaya wa mahaifiyarka cewa tsoro nake ji kada ka ƙare kamar ni. Akwai wannan. Amma tunda na ɗauki alƙalami bari in ƙarasa. Kewa ce. Ina kewar filin nan kamar yadda ake kewar mamaci. Ina kewar ƙamshin jar ƙasa in an yayyafa mata ruwa da safe, da nauyin sabuwar ƙwallo a tafin hannu, da shirun da ake yi kafin a cilla ƙwallo sama a buga sabis. Wani lokaci ina tsinkar tumatir sai in ga na cilla ɗaya sama da hagu, hannun dama ya tashi da kansa. Da na ga abin nan ya bar jikina ya koma naka, sai na ji kamar an kwashe kayan ɗakina ina kallo. Uba ya yi kishin ɗansa, abin kunya ne, ga shi na rubuta.

Tunda na kalle ka, bari in faɗa maka abin da na gani. In ka ji tsoro a sabis na biyu kana cilla ƙwallo gaba da yawa, sai ka bi ta da gudu. Ka cilla ta saman goshinka, ka jira ta. Kana kuma kallon inda za ta tafi kafin ka buge ta. Ba inda filin zai je, ƙwallon za ka kalla. Sannan filayen Ikko yawanci na siminti ne, ba sa yafiya kamar jar ƙasa, kada ka ce za ka zame a kansu. In gwiwa ta yi maka magana ka saurare ta tun tana raɗa. Kuma in da hali, ranar wasanka na farko ka ba wani wayarka ya kira ni ya ajiye ta a bakin fili. Ba sai an ce komai ba, zan gane yadda kake ciki daga ƙarar.

Saura ranar masallaci. Da takardar gurbinka ta zo, Bala bai kawo mini ba, ya kai wa Liman, saboda duk tsoron bakina suke ji. Ban ga laifinsu ba yanzu, amma a ranar na ji kamar an yi taro a kaina. Liman ya tayar da maganar a gaban jama'a, cikin lallashi. Ina cikin haɗiye fushi sai wani daga baya ya ce, "Ashe matankaɗi ma yana haihuwa." Aka yi dariya. Na waiga ban ga mai maganar ba, kai na gani a tsaye kusa da ni. Sauran ka sani. Sai da na kai zaure na gane bakin wa na ara. Maganar Baba ce na maimaita, har na yi mata ƙari, don shi bai taɓa rufe mini ƙofa ba.

An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na yarda ba ta komawa. Amma mai ita yana iya tashi ya ce ya yi kuskure tun yana da numfashi, kuma ba zan bar ka ka shekara goma sha uku kana tambayar mahaifiyarka abin da ba ta ji da kunnenta ba.

Don haka ka karanta da kyau, Auwalu. Na janye. Zauren nan naka ne, ka shigo da kofi ko ka shigo hannu biyu, da rani ko da damina, ba mai tambayarka. Na yafe maka ɓoye-ɓoyen Asabar, kai ma ka yafe mini shekarun da na yi ina ce maka "kai". Na sa maka albarka a tafiyar nan, na sa a wasan nan, na sa a hannunka na dama da gwiwoyinka biyu.

Amma abin da aka faɗa a gaban mutane ba a janye shi a takarda kaɗai. Na riga na gaya wa Liman. Gobe bayan la'asar zan miƙe a inda na tsaya ranar nan, in faɗa da bakina kowa ya ji, har da mai maganar matankaɗi, kuma da sunanka zan fara. Za su yi surutu wai Shu'aibu ya kira sunan ɗan fari a bainar jama'a. Su yi, sun saba da ni. Ban ce dole ka zo ba. In zuciyarka ba ta sauko ba ban ga laifinka ba, albarkar tana nan ko ka zo ko ba ka zo ba. Ni dai ina so a ce kana wurin.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Ya tsare maka sallarka da harshenka. Ya ba ka nasarar da ba za ta raba ka da gida ba, in kuwa kaye ne Ya ba ka wanda za ka tashi daga gare shi. Ya jiƙan Baba, Ya sa ya yafe mini. Ya dawo mana da kai muna raye.

Zan zauna a ƙofar masallacin har a kira magariba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Shu'aibu